Nauyin Kulolin Hajiya

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Yau an karɓe mini kati. Gara in rubuta shi a fili tun da wuri: katin da nake sa hannu da shi a kan takardun duwan, wato kwastan, wanda na sha wuya kafin in samu, yana kwance cikin aljihun teburin wani mutum a Ngueli, can bakin gadar iyaka. Sun ce ba ƙwacewa aka yi ba, ajiya ce, sai an zauna a kan maganar. Ajiyar da mai abu bai bayar da hannunsa ba, ni dai ban san sunanta ba.

Kayan Hajiya ne, uwar maigidana. Mota guda ta kulolin abinci daga Kano, ta biyo ta Kousseri, don cinikin Babbar Sallah. Ni na cika takardun, ni na sa hannu cewa kuloli ne babu komai a cikinsu. Da safe mai bincike ya nuna kwali ɗaya aka sauke, ya murɗe murfin kula, sai ga ƙullin daddawa. Muka yi dariya, har da shi. Ya buɗe ta kusa da ita, yaji da kuka. Ya buɗe wata, sai ga kwalayen magani, na hawan jini da na siga, an jera su tsaf an toshe da tsumma. Daga nan dariya ta ƙare.

Ban ci abincin rana ba. A cikin kar, motar haya, tun daga gada har unguwarmu Gassi, wata mata ta ɗora kanta a kafaɗata tana ta barci, ban ko iya ture ta ba.

Talata, 13 ga Mayu, da azahar

Alhaji Abdussamad, mai ofishinmu na fitar wa mutane da kaya daga duwan, ya ce in ci gaba da zuwa, ko da ba na sa hannu. Na zo na zauna kamar baƙuwa a kujerata.

Ina kallon na'urar ofishinmu ina jin haushinta, alhali na san ba ta yi mini komai ba. Junaid, abokin aikina, shi ya kawo mana ita bara, bayan ya dawo daga karatu. Shi yana kiranta basirar na'ura, mu kuwa Matambayiya muke ce mata. Kowane kaya a duniyar nan yana da lambarsa a wajen duwan, kuma lambar ce ke faɗin harajinsa. A da sai in yini ina buɗe katon littafin nan ina neman inda kula ta faɗa, mai cikin ƙarfe daban, ta roba zalla daban. Yanzu hoto za ka ba ta, da takardar saye, da nauyi, kafin ka kurɓi shayi ta kawo maka lamba. Abin da ba ta yarda da shi ba kuma sai ta shafa masa ruwan ɗorawa, ta jefo maka tambaya. Ba gaisuwa, ba ya gida, ba ya yara.

Ranar da na shigar da kayan Hajiya ta ba da lamba daidai. Sannan ta shafa ruwan ɗorawa a kan nauyin. Ta ce ya fi ƙarfin kulolin da babu komai a ciki, a tambayi mai kaya ko akwai wani abu a cikinsu.

Na kira Hajiya kuwa. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi zafi, na tambayi mutanen unguwarta Gardolé ɗaya bayan ɗaya. Can na ce kaya sun iso lafiya, sai dai suna da ɗan nauyi. Ta yi dariya ta ce ai kula ta gari nauyi gare ta, 'yata. Ta sa mini albarka, na ce amin, na ajiye waya. Na koma na danna wurin da ke cewa an tambayi mai kaya.

Yaushe zan buɗe baki in ce wa matar da ta haifi mijina me kika cusa a cikin kayanki? Matar da ko sunanta ba na faɗa, ko a takardar nan da babu mai karantawa sai ni.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Zafi tun kafin rana ta fito. Ina jiran duwan su kira zama. Ba a kira ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Maigidana, Baban Khairiyya, ya je Gardolé ya dawo. Ya ce Hajiya ta san an tsare mota, amma ta ɗauka irin jinkirin bakin gada ne da aka saba. Ba ta san zancen kati ba. Shi da yayyensa sun yanke kada a gaya mata saboda jininta. Na ce to. Me zan ce?

Ya kuma ji labarin maganin. Na Malam Mijinyawa ne, tsohon da ke maƙwabtaka da ita, da na wasu tsofaffi a layin. 'Ya'yansu na Kano ne suke aiko musu, kamar yadda ake aiko daddawa da yaji. Duk wanda ya ji kayan Hajiya za su taso sai ya kai ƙullinsa wajen mai shagon da take saye, shi kuma ya zuba a cikin kuloli, tunda wuri ne a banza. Haka ake yi tun ba a haife ni ba. A da kayanta kaɗan-kaɗan suke tsallako gada, a bayan babur, babu mai buɗe murfi. Bana ne ta ce tunda Allah ya ba ta suruka mai sa hannu a duwan, mota guda za ta yi, ta shigo ta ƙofar gaba kamar manyan 'yan kasuwa. Na ji ta da kunnena tana faɗa wa ƙawayenta ranar sunan jikar yayarta, ina duƙe ina zuba musu shayi, kaina kamar ya fashe don daɗi.

A wurin Hajiya saƙo ba kaya ba ne. Saƙo alheri ne, ba a ƙirga shi, ba a kuma buɗe shi. Ni ma a Gardolé na tashi. Daddawar da innata ta yi mana miya da ita a cikin tukwanen wani ta zo. Don haka kada in yi wa kaina ƙarya: da na ga ruwan ɗorawan nan, zuciyata ta ce daddawa ce. Ban kawo magani a raina ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Khairiyya ta ce Mama yau ba kya waƙa.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

Alhaji ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya kashe fanka don kada ta kwashe masa takardu, muka zauna muna gumi. Ya ce maganin ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi. Abin da za a zauna a kai shi ne wane ne ya yi ƙarya. In mai kaya aka tambaya ta ɓoye, to maganar ta zama ta fasa-ƙwaurin magani, sunanta zai shiga, mota ba za ta fita ba, wataƙila har gaban alƙali. In kuwa mai sa hannu ce ba ta yi aikinta ba, za a ci tara a saki kuloli, kati kuma ya tafi.

Ya ce abin da na danna yana nan: an tambayi mai kaya. In tsaya a kan haka kurum. Ba ƙarya ba ce ai, na kira ta, wayata shaida ce. Ya ce Hajiya tsohuwa ce, za a tausaya mata, ni kuwa yanzu nake gina rayuwa, kuma ofishinsa ma yana da suna da zai kare. Ya faɗi wannan na ƙarshen yana kallon bango.

Ban ƙi mutumin nan ba. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da sauran ofisoshi ke cewa mace ba za ta iya rana da direbobin Ngueli ba. Amma yau da yana magana ji na yi kamar in ɗauki kofin shayinsa in watsa a tagar. Gaba kura, baya sayaki, shi kuma yana nuna mini wadda ta fi ƙananan haƙora.

Na ce zan yi tunani.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma, a cikin kar

Junaid ya biyo ni har bakin titi. Ya ce Yaya Murja, wasu a ofis suna cewa a ɗora wa na'ura, a ce ba ta yi gargaɗi ba. Ya ce shi ba zai iya ba, kuma ko ya iya, ba ta mantuwa. Yana magana yana murza hula kamar shi ya yi laifin. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ban taɓa tunanin yi wa Matambayiya sharri ba. Ita kaɗai ce a cikinmu ta yi abin da aka ɗauke ta ta yi.

Ina ta tunanin wannan tun da muka wuce kasuwa. An ce matambayi ba ya ɓata. Amma wanda ya yi karin maganar bai ce a tambayi wa ba, bai kuma ce da wane baki ba. Ita ba ta da suruka. Ba ta taɓa durƙusawa ta gaida kowa ba, ba a taɓa yi mata wankan jego ba, ba wadda ta kwana tana yi mata fifita. Da na haifi Khairiyya innata ta riga ta rasu, Hajiya ce ta tare a ɗakina har na yi arba'in. Na'ura ta ga nauyi ta ce a tambaya. Ni ma na ga nauyi, sai dai ba irin wanda sikeli ke aunawa ba ne ya danne mini harshe.

Kwandastan nan ya sake cusa mutum a layinmu. Ƙafata ta mutu.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Ba a kira ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Mun yi da Baban Khairiyya. Ba zan rubuta abin da na ce masa ba, don ban so in sake ganinsa da idona.  Na gaya masa hanyoyi biyun da Alhaji ya shimfiɗa, na ce ya zaɓa mini tunda uwarsa ce, matarsa ce. Ya zauna a bakin gado yana kallon tafin hannunsa, har na gaji da tsayuwa.

Daga baya ya ce, "Murja, duk wadda na zaɓa a cikinku, na yi asarar ɗaya. Kada ki sa ni."

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda. Ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Mun je gaida Hajiya kamar kowace Juma'a. Na so in ce kaina na ciwo, na ga in ban je ba za ta tambaya.

Ta sa an dama mini fura da nono mai yawa, yadda nake so. Ta ce na rame, aikin gadar nan zai ƙarar da ni. Ta ce kada in damu da jinkirin mota, ta san ina iya ƙoƙarina, ta gaya wa masu jiran kuloli cewa 'yarta na can, ba abin da zai gagara. Ina durƙushe a gefen tabarma, ina jujjuya furar da ludayi.

Malam Mijinyawa ya aiko a tambaya ko saƙonsa ya iso, na wancan watan ya kusa ƙarewa. Hajiya ta ce a ce masa ya ƙara haƙuri. Baban Khairiyya ya tashi ya bi ɗan aiken waje. Na san kantin magani ya nufa, na kuma san bai gaya mata ba.

Sau biyu na buɗe baki. Na farko na ce Hajiya. Ta ce na'am, 'yata. Na ce Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Hadari ya haɗu jiya ya watse, ko ɗigo. Na fito da kayan Sallar Khairiyya na bara in ga ko za su shige ta. Ba za su shige ta ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da azahar

An kira. Ranar Laraba da safe.

Alhaji ya sake tuna mini, a tsaye, a bakin ƙofa. Ya ce kalma kaɗan ce, in faɗa in fito. Na zauna ina kallon Junaid yana shigar da wata motar tayoyi. Matambayiya ta shafa ruwan ɗorawa, ta ce sababbi ne ko tsofaffi. Ya ɗauki waya ya kira mai kayan, wani mutum da bai taɓa gani ba, ya tambaye shi kai tsaye, ya ajiye. Ko minti ɗaya bai yi ba. Na ji kishi wallahi, kishin abin da bai kai a yi kishinsa ba.

Talata, 27 ga Mayu, bayan magariba

Na gwada faɗin maganar Alhaji a gaban madubi. Na tambaye ta, ta ce babu komai. Da Faransanci ta fito sumul. Da na maimaita da Hausa sai na ji kamar na tofa wa kaina yawu.

Ina son aikin nan. Bari in rubuta, tunda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina son ƙarar manyan motoci da safe, ina son yadda direban da ya raina ni yake dawowa yana cewa Madam, don Allah. Ina son in ga kaya in san lambarsa kafin na'ura ta faɗa, in yi mata dariya a raina in ta zo daidai da ni. Ba gado na yi ba, ba kuma wani ya ba ni ba. Ina tsoro ƙwarai.

Laraba, 28 ga Mayu, da la'asar

An gama.

Su uku ne a bayan tebur, babban nasu mai furfura a gemu. Ya karanta abin da ya faru, ya karanta tambayar na'ura, ya karanta abin da na danna. Sannan ya cire tabarau ya ce in gaya masa da bakina: na tambayi mai kaya ko akwai wani abu a cikin kulolin?

Alhaji na zaune a bayana, ina jin numfashinsa.

Na ce, "Na kira ta, amma ban tambaye ta ba."

Ya ce me ya hana. Na ce uwar mijina ce.  Ya daɗe yana kallona. Ya koma Larabci, ya ce shi ma yana da suruka, ko ruwa ba ya sha a gabanta. Na kusa da shi ya yi murmushi. Har zuciyata ta fara cewa ko Allah ya kawo sauƙi. Sai ya mayar da tabarau ya ce amma shi bai taɓa sa hannu a kan kayanta ba, kuma da na zo na ce a ba wani wannan motar, da ba mu haɗu ba. Ya ɗauki biro ya rubuta.

Za a saki kuloli in an biya tara. Sunan Hajiya bai shiga ba. Kati ba zai dawo ba.

Da a ba wani motar. Hanya ce a buɗe tun ranar farko, ga Junaid a tebur na kusa da ni, ban ko gan ta ba. Ina can ina jin daɗin ana cewa surukar Hajiya ce ke fitar mata da kaya.

Alhaji bai yi mini faɗa ba. Ya ce in je gida in huta, in Allah ya kawo wani abu zai neme ni. Junaid ya ɗauko mini kofina da sallayata a leda.

Alhamis, 29 ga Mayu, da safe

An yi ruwa. Ban fita ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, da yamma

Ban je Gardolé ba, na ce kaina na ciwo, yau kam da gaske. Baban Khairiyya ya ce kuloli sun iso, layin ya cika da mata, har an fara saye. Ya ce ta tambaye ni. Ya ce ta tambayi inda ƙullin mutane yake, yayansa ya yi ta kame-kame, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce su zauna. Bai gaya mini sauran ba, ni ma ban nema ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan magariba

Hajiya ta zo Gassi. Tun da muka tare a gidan nan ba ta taɓa zuwa ba, kullum cewa take ƙafarta ba za ta ɗauki tafiyar ba. Yau ta shigo kar ita kaɗai, da sandarta, ta sauka a inda ba daidai ba, ta tako cikin taɓo tana tambayar gidan ɗanta Ilyasu. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallamarta. Na ajiye tiren na miƙe.

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa a gefe. Ta yi zancen hanya, ta yi zancen ruwan Alhamis, ta ce unguwarmu ta yi nisa kamar wata ƙasa. Ta ɗora Khairiyya a cinya tana tsokanarta wai ta ƙwace mata miji. Ba ta dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Na zuba mata abinci ta ɗan taɓa. Har la'asar ba wanda ya ambaci kula, ko gada, ko kati.

Da ta tashi tafiya, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ta dafa sanda. Ba ni ta kalla ba, ɗanta da ya fito raka ta ta kalla, ni kuwa ina bayansa riƙe da takalmanta.

Ta ce, "Ilyasu, gaya wa matarka, da ta tambaye ni, da na faɗa mata. Wallahi da na faɗa mata duka, ƙulli-ƙulli. Ban san abin ɓoyewa ba ne."

Ta tsaya ta gyara mayafi.

"Ka kuma gaya mata na san abin da ya hana ta. Ni na yi ta roƙon Allah ya ba ni suruka mai kunya. Ya ba ni, ga shi na cinye mata aiki da ita."

Na durƙusa na sa mata takalman. Hawayena na zuba a kan ƙafarta, ta ji, ba ta janye ba. Ta dafa kaina, ta daɗe, sannan ta ce a kai ta bakin titi kada duhu ya yi mata.

Da na faɗa mata. Tun da ta fita maganar nan ke yawo a kaina. Ashe ƙofar da na tsaya ina jin nauyin ƙwanƙwasawa ba a ma kulle take ba.

Gobe Litinin. Sai da na gama goge kayan zuwa aiki na rataye, sannan na tuna babu aikin.